Mayar da Kwamfuta kan Ƙaramin Nau'in Babbar Manhaja: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Fara

Gabatarwa

Kwamfuta ta zama kayan aiki a ofisoshin ƙananan hukumomi, da cibiyoyin lafiya, da makarantu, da ƙungiyoyin manoma, har a wuraren da ke nesa da manyan birane. A ƙaramar hukumar Bana, cikin gundumar Gaya ta jihar Dosso, da maƙwabtanta irin su Bengu, Tunuga, Tanda da Yelu, kwamfuta guda ɗaya kan ɗauki nauyin aikin ofis baki ɗaya: jerin sunayen membobi, lissafin kuɗi, rahotannin wata da wasiƙu. Da dama daga cikin waɗannan na'urori na hannu ne, irin waɗanda ake kira ƴan Kwatano, ko kuma waɗanda wani shirin raya ƙasa ya bari bayan ya kammala aikinsa. Rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya ƙara wa shigo da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano wuya, saboda haka tattalin na'urar da ke hannu ya zama dole.

Idan kwamfuta ta yi nauyi, shawarar da aka fi ji ita ce a sauke ta zuwa ƙaramin nau'in Windows. Wannan bayani zai nuna lokacin da shawarar take da amfani, da lokacin da ba ta da shi, da yadda za a yi aikin ba tare da an yi asarar takardu ba. An shirya shi ne domin sakatarorin ofisoshi, da malaman makaranta, da ma'aikatan lafiya, da shugabannin ƙungiyoyi waɗanda ba gyaran kwamfuta suka karanta ba, amma a hannunsu yanke shawara yake.

Mece ce babbar manhaja?

Babbar manhaja ita ce wadda ke tashi da zarar an kunna kwamfuta, kuma a kanta sauran manhajoji kamar Word da Excel suke aiki. Ita ke kula da allo, da madannai, da rumbun ajiya, da na'urar buga takardu. Wadda aka fi sani ita ce Windows ta kamfanin Microsoft. Akwai kuma Linux, wadda kyauta ce.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan rikitawa, kuma wajibi ne a bambance su.

Na farko shi ne zubi, wato zamanin da manhajar ta fito: Windows 7 a 2009, Windows 10 a 2015, Windows 11 a 2021.

Na biyu shi ne nau'i, wato matsayin da ke cikin zubi guda. Windows 10 da 11 suna da nau'in Home, wanda aka yi domin gida, da nau'in Pro, wanda aka yi domin ofisoshi. A kwamfutocin da ke aiki da Faransanci, kamar yawancin na Nijar, ana rubuta su Famille da Professionnel.

Domin sanin abin da ke kan kwamfuta, a buɗe Paramètres, a shiga Système, a sauka zuwa sashen bayanin na'ura. A nan za a ga zubi, da nau'i, da girman ƙwaƙwalwar aiki da ake kira RAM. A rubuta waɗannan ukun a takarda, domin a kansu duk shawarar da ke tafe ta dogara.

Ƙaramin nau'i ba baƙon abu ba ne. A 2004 Microsoft ta fitar da Windows XP Starter domin ƙasashe masu tasowa, wanda ba ya barin a buɗe manhajoji fiye da uku a lokaci guda. A 2009 aka yi Windows 7 Starter domin ƙananan kwamfutocin tafi-da-gidanka. Daga wancan zamani ne mutane suka riƙe cewa ƙaramin nau'i ya fi dacewa da na'ura mai ƙaramin ƙarfi. Amma a Windows 10 da 11 al'amarin ya sauya.

Sauka daga Pro zuwa Home ba ya ƙara sauri

Wannan shi ne babban abin da ya kamata a fahimta. Home da Pro gini ɗaya ne, kuma ƙarfin na'urar da suke buƙata ɗaya ne. Windows 11, ko wane nau'i ne, tana neman aƙalla RAM mai gigabait 4 da rumbun ajiya mai gigabait 64. Bambancin kawai shi ne wasu ƙofofi da aka buɗe a Pro aka rufe a Home. Kwamfutar da ke jan ƙafa da Pro haka za ta ja ƙafa da Home.

Mai yiwuwa wani ya ce ya ga kwamfuta ta yi sauri bayan an sauke ta. Gaskiya ne, amma dalilin shi ne an goge rumbun, an kawar da tarkacen manhajoji da ƙwayoyin cuta da suka taru cikin shekaru. Da an sake ɗora Pro ɗin sabo, da saurin da za a samu ke nan.

Ga abubuwan da ake rasawa idan aka koma Home:

• Cikakken BitLocker, wato makullin da ke rufe rumbun ajiya da filashi, ta yadda ɓarawo ba zai karanta abin da ke ciki ba.
• Damar da ma'aikacin fasaha yake da ita ta shiga kwamfutar daga nesa, misali daga Dosso ko Yamai, da ɗaya daga cikin kayan aikin da Windows ta tanada.
• Damar haɗa kwamfutar da babban layin ma'aikata ko ƙungiya, inda ake kula da dukan na'urori daga wuri ɗaya.
• Allon da ake kafa ƙa'idojin amfani da na'ura, wanda ke da amfani a ɗakin kwamfuta na makaranta.

Mai shagon buga takardu ko manomi mai riƙe da lissafinsa ba zai ji rashin waɗannan ba. Amma ofishin da ke ajiye sunayen marasa lafiya ko takardun haihuwa yana bukatar ya yi tunani sosai kafin ya rabu da makullin rumbu.

To yaushe sauka zuwa Home take da amfani?

Dalili ɗaya ne mai ƙarfi, shi ne lasisi. Tun daga Windows 8 a 2012, masu ƙera kwamfuta suna dasa lambar lasisi a cikin na'urar kanta, maimakon takardar da ake mannawa a ƙasanta. Sau da yawa kwamfutar da aka ƙera da lasisin Home takan faɗa hannun mai sayarwa, ya ɗora mata Pro marar lasisi. Bayan ɗan lokaci sai rubutu ya bayyana a ƙasan allo yana cewa a tabbatar da Windows. A irin wannan hali, mayar da ita kan Home yana dawo da lasisinta na asali, ba tare da an biya ko dala ba. Da zarar an ɗora shi aka haɗa da intanet, ita da kanta za ta tabbatar.

Sai dai a lura da akasin haka. Kwamfutocin da kamfanonin Turai suka yi aiki da su kafin a sayar, irin su Dell Latitude, da HP EliteBook, da Lenovo ThinkPad, galibi lasisin Pro ne a cikinsu. Lambar Pro ba ta buɗe Home. Wanda ya sauke irin wannan na'ura ya yar da lasisin da yake da shi, ya koma marar lasisi. Haka kuma lambar Windows 7 da ke manne a jikin tsofaffin na'urori ta daina buɗe Windows 10 tun watan Satumbar 2023, lokacin da Microsoft ta rufe wannan hanya.

Abin lura na biyu shi ne, hawa daga Home zuwa Pro yana yiwuwa da sauya lamba kawai, amma Microsoft ba ta tanadi irin wannan hanya domin sauka ba. Dole sai an goge, an ɗora sabo. Duk abin da ke kan rumbun Windows, takardu da manhajoji, zai tafi.

Komawa tsohon zubi

Wasu kan nemi a mayar musu da Windows 7, saboda sun saba da ita kuma ba ta da nauyi. Wannan yana da haɗari. Microsoft ta daina gyara ɓarakar tsaro a Windows XP ranar 8 ga Afrilun 2014, a Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, a Windows 8.1 ranar 10 ga Janairun 2023. Manhajar shiga intanet ta Chrome ma ta daina fitar da sabon zubi domin Windows 7 a farkon 2023. A watan Mayun 2017 wata ƙwayar cuta mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, ta kulle takardun mutane tana neman kuɗin fansa. Waɗanda ta kama su ne na'urorin da ba a yi musu gyaran tsaro ba.

Ita ma Windows 10 wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025. Microsoft ta buɗe shirin ƙarin lokaci ga masu amfani na gida, wanda a sanarwar farko aka sa masa 13 ga Oktoban 2026 a matsayin iyaka. Ke nan sauka daga Windows 10 Pro zuwa Windows 10 Home zai iya gyara matsalar lasisi, amma ba zai gyara ta tsaro ba. Ita kuwa Windows 11 tana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma yawancin na'urorin da aka ƙera kafin 2017 ba sa cikin waɗanda ta amince da su.

Akwai hali guda da komawa baya take da sauƙi. Idan an hau daga Windows 10 zuwa 11 kuma ba a wuce kwana 10 ba, akwai maɓallin komawa a sashen Récupération, kuma takardu ba sa ɓacewa. Bayan kwana 10 Windows tana share tsohon zubin da ta ajiye.

A guji kuma abin da ake kira Windows mai sauƙi, wadda wasu mutane suka yanke wa sassa suka zuba a intanet. Ba daga Microsoft take ba, sau da yawa an cire mata kariya, kuma babu mai iya tabbatar da abin da aka ɓoye a ciki. Araha ba ta ado.

Idan sauri ake nema

Kafin a taɓa babbar manhaja, a duba abubuwa uku.

1. Ƙura da zafi. Ƙurar hunturu tana toshe fankar kwamfuta, kuma idan na'ura ta yi zafi ita da kanta take rage gudu domin kada ta ƙone. A watannin bazara wannan ya fi tsanani. A sa mai gyara ya buɗe ya share.

2. RAM. Kwamfuta mai gigabait 2 ko 4 takan sauya sosai idan aka kai ta 8, in tana da gurbin ƙari.

3. Rumbun ajiya. Tsohon rumbu mai faifai da ke juyawa shi ne ya fi jawo nauyi. Sauya shi da irin wanda ake kira SSD ya fi kowace dabara tasiri, kuma ya fi jure girgizar babur a hanya, tun da babu abin da ke motsi a cikinsa.

Idan an yi waɗannan, ko babu kuɗin yin su, kuma na'urar ba za ta ɗauki Windows 11 ba, sai a duba Linux. Linus Torvalds ne ya fara ta a 1991, kuma kowa yana da izinin kwafa da rabawa. Tana da iri-iri, wasu an yi su musamman domin tsofaffin na'urori:

• Lubuntu da Xubuntu, ƙannen Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004.
• Linux Mint, wadda fuskarta ta yi kama da ta Windows. Tana tashi da RAM mai gigabait 2, ko da yake 4 ya fi daɗin aiki, kuma zubi na 22 yana da gyaran tsaro har 2029.
• Emmabuntüs, wadda wasu masu aikin sa-kai a Faransa suka fara a 2011 domin raya kwamfutocin da aka bayar kyauta. Tana zuwa da Faransanci da manhajoji da yawa a ciki, abin da ke rage bukatar intanet bayan an ɗora.

Da Linux ana samun LibreOffice, wadda ke buɗe takardun Word da Excel, sai dai wani lokaci tsarin shafi kan ɗan gurɓata. Duk aikin da ake yi ta manhajar shiga intanet, kamar shigar da alƙaluman lafiya a DHIS2, yana tafiya a kanta. Matsalar ita ce manhajojin da aka rubuta domin Windows kaɗai, kamar wasu na lissafin kuɗi da masu ba da tallafi ke rabawa, da wasu na'urorin buga takardu. Abin farin ciki shi ne ana iya gwada Linux daga filashi ba tare da an taɓa rumbun ba. A gwada intanet, da sauti, da buga takarda, a buɗe rahoton watan jiya a gani, sannan a yanke shawara.

Shiri kafin a goge

Ko Home aka zaɓa ko Linux, shirin ɗaya ne, kuma a nan ne aka fi yin asara.

1. A nemi izini. Kwamfutar gwamnati ko ta wani shiri ba ta mai riƙe da ita ba ce. A tambayi sashen da ya bayar da ita, domin mai yiwuwa an haɗa ta da tsarin da Pro kaɗai ke iya ɗauka.

2. A kwafe takardu a wuri biyu daban, misali filashi, wanda a Nijar aka fi sani da kile, da kuma rumbun waje. A duba teburin allo, da jakar takardu, da ta hotuna, da ta abubuwan da aka sauko da su daga intanet.

3. A kai kwafin wata kwamfuta a buɗe wasu takardu a tabbatar suna buɗuwa. Kwafin da ba a gwada ba, ba a san ko akwai shi ba.

4. Manhajar lissafi ko ta rajista takan ajiye bayananta a wani ɓoyayyen wuri. A yi amfani da maɓallin ajiya da ke cikin manhajar kanta, ko a kira wanda ya ɗora ta.

5. Idan an kulle rumbu da BitLocker, a nemo lambar ceto mai alƙaluma 48 a rubuta, ko a cire makullin kafin a fara.

6. A rubuta kalmomin sirri na imel da na sauran shafuka. Da yawa kwamfuta ce ke tuna musu, sai bayan an goge su gane sun manta.

7. A tanadi lasisin Office da na sauran manhajojin da aka saya, domin su ma za su tafi.

8. A sauko da ƙananan manhajojin da ke haɗa kwamfuta da na'urar buga takardu da kuma intanet marar waya, waɗanda masu gyara ke kira direba ko pilot.

Yadda ake ɗorawa

Ana sauko da Windows daga shafin Microsoft kaɗai, Linux kuma daga shafin masu ita. Nauyin ya kai gigabait da dama, don haka ya fi kyau a yi wannan a Gaya, ko duk inda layi yake da ƙarfi. Kile ɗaya zai wadaci kwamfutoci da yawa, saboda haka ofisoshin da ke kusa da juna za su iya haɗa kai. Ana bukatar kile mai aƙalla gigabait 8, kuma duk abin da ke cikinsa zai goge.

A tabbatar da wuta. Ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana iya barin na'ura ba ta tashi. Tafi-da-gidanka a cika batirinta a bar ta a jone. Inda ake amfani da hasken rana, a fara da hantsi, kada a bari sai yamma. Aikin kan ɗauki daga rabin awa zuwa awa biyu.

A cire duk wani kile ko rumbun waje da ke ɗauke da kwafin takardu, a bar na ɗorawa kaɗai. A kunna kwamfuta ana danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi: F12 a yawancin Dell da Lenovo, F9 a HP. Idan akwai lasisi a cikin na'urar, Windows kan zaɓi nau'in da ya dace da shi da kanta. Wannan ma hanya ce ta gane ainihin lasisin da ke ciki. Da aka zo wurin zaɓen sashen rumbu, a tsaya a karanta da kyau. Kwamfutoci da yawa an raba rumbunsu biyu, C domin Windows, D domin takardu. A duba girman kowanne, kada a goge wanda ba shi ba. Windows 11 tana neman intanet da asusun Microsoft a tashin farko. A buɗe asusun da sunan ofis, kada a yi da na ma'aikaci ɗaya wanda gobe za a iya yi masa canjin wurin aiki.

Bayan an gama

A bar na'urar ta karɓi gyare-gyaren tsaro kafin a mayar da takardu. A binciki kile da manhajar kariya, domin kada a dawo da cutar da aka kora. A daidaita madannai: na Faransanci da na Ingilishi jerin haruffansu ya bambanta. Windows da Linux duka suna da madannan Hausa masu ba da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kuma yana da kyau a ƙara su, musamman tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Kada a share kwafin takardu sai an yi aƙalla wata guda ana aiki ba a nemi wani abu an rasa ba.

Idan mai gyara ne zai yi aikin, a aika wakilin ofis ya zauna tare da shi, kuma kada a bar kwafin takardu a kwamfutar shago. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kanta. Sunayen marasa lafiya da na masu cin bashin ƙungiya amana ce a wuyan ofishin da ya karɓa.

A taƙaice

• Idan matsalar lasisi ce, kuma lasisin da ke cikin na'urar na Home ne, a koma Home.
• Idan lasisin na Pro ne, a zauna a kan Pro.
• Idan matsalar nauyi ce, a share ƙura, a ƙara RAM, a sa SSD.
• Idan na'urar ta tsufa ba za ta ɗauki Windows 11 ba, a gwada Linux daga kile kafin a ɗora.
• Kada a haɗa Windows XP, 7 ko 8.1 da intanet a ofishin da ke riƙe da bayanan jama'a.

Kowace hanya aka bi, a fara da kwafe takardu wuri biyu. Babbar manhaja ana iya sake ɗora ta sau goma a rana ɗaya, amma lissafin ƙungiya na shekara biyar idan ya goge, sai dai a koma neman tsofaffin rasit.